Yadda Ake Fita Neman Macizai da Ƙadangaru a Daji Don Kallo

A ƙasar Hausa in aka ce wane ya tafi daji neman maciji, abin da zai zo wa mutane a rai shi ne ko gardi ne, ko mai haɗa magani, ko mai sayar da fata. Amma akwai masu fita don kallo kawai, kamar yadda wasu ke fita kallon tsuntsaye: su gano inda dabbar take, su tsaya nesa su ƙare mata kallo, su ɗauki hoto, su rubuta abin da suka gani, su bar ta a inda suka same ta. Aikin na ido ne, ba na hannu ba. Kusan duk wanda maciji ya sara cikin masu wannan sha'awa, a wajen ƙoƙarin kamawa ko matsawa kusa don hoto ya gamu da tsautsayin. Gwanintar kuma ba a jarumtaka take ba, tana wajen sanin lokaci da yanayi da wuri, don mutum na iya yini cur a daji mai cike da macizai bai ga ko wutsiya ba.

Ka fara sanin waɗanda za ka tarar

Kafin ka sayi ko tocila, ka zauna ka haddace kamannin macizai uku, don su ne ke da alhakin yawancin saran da ke kai mutane asibiti a arewacin Najeriya da kudancin Nijar.

Ta farko kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe da nisa. Ƙarama ce, santimita 30 zuwa 60, launin ƙasa-ƙasa, da jerin ɗige-ɗige masu haske a gefen jikinta. Kanta ya fi wuyanta faɗi, wutsiyarta gajera. In ta ji motsi ba ta cika gudu ba, sai ta lanƙwashe jiki kamar kofaton doki ta riƙa goga ɓawon jikinta da juna, ka ji wani sauti kamar an zuba ruwa a mai mai zafi. Wannan sauti ka riƙe shi da kyau, don sau da yawa kunne ne ke riga ido gano ta. Ta fi yawa a wurare masu duwatsu da ciyawa irin na Gombe ta kudu, Langtang, Taraba da kwarin Binuwai, kuma da dare take yawo.

Ta biyu kasa. Kakkaura ce, gajera bisa ga kaurinta, tsawonta ya kan kai mita ɗaya, kanta faffaɗa, bayanta da zane kamar bakin kibiya a jere. Barcin kasa da ake faɗa ba barci ba ne, kwanton ɓauna ne: tana iya kwana da kwanaki a wuri ɗaya cikin busasshen ganye tana jiran ɓera. Ta dogara da sajewa da ƙasa, shi ya sa ba ta kaucewa, shi ya sa kuma ake taka ta. In ta fusata sai ta kumbura ta yi huci mai ƙarfi. Nauyin jikinta kada ya ruɗe ka, sararta ta fi ƙiftawar ido sauri.

Na uku kumurci, wanda a wasu garuruwan ake haɗa shi da gamsheƙa a suna ɗaya. Baƙi ne, da ratsin ja-ja ko ruwan hoda a ƙarƙashin wuya, tsawonsa daga mita ɗaya da 'yan kai zuwa biyu. Yana miƙewa ya fasa kai, kuma yana feso dafi ya nufi ido daga nisan mita biyu ko fiye. Akwai danginsa masu fasa kai da ba sa tofi, su kuma dafinsu numfashi yake kamawa. Kai dai duk mai fasa kai ka ɗauke shi mai tofi ne.

Sauran da za ka fi yawan gani ba su da wannan haɗarin. Akwai siraran macizai masu ratsi a tsaye da ke wucewa kamar walƙiya da rana tsaka suna farautar ƙadangaru. Akwai koren maciji siriri na bishiyoyin bakin rafi, da baƙin macijin gida mai sheƙi da ke cin ɓeraye a gindin rumbu. Akwai mesa, wadda ba ta da dafi amma cizonta na yaga nama, babbarta kuma ta wuce mita huɗu. Sai dai ga wani tarko: akwai wani maciji marar dafi mai haɗiye ƙwan tsuntsaye, masana na ce masa Dasypeltis, da ya kwaikwayi kububuwa har da goga ɓawo da fitar da irin sautinta. Bambancinsu a kai yake, nasa ƙarami ne kusan kauri ɗaya da wuya, jikinsa kuma ya fi tsawo da siranta. Wannan bambanci a hoto ake tantance shi bayan an dawo gida. A daji, da tocila a hannu, duk mai wannan kama kububuwa ce. Haka nan ɗan baƙin maciji mai santsi, mai ƙananan idanu, da ke fitowa daga ƙasa bayan ruwan sama: wasu irinsa suna da dogon fiƙa da ke fitowa ta gefen baki, ko an riƙe su ta ƙeya suna sukar yatsa. Sun sha cutar masu ganin sun ƙware.

Ɓangaren ƙadangaru ya fi sauƙi, kuma da shi ya kamata sabon shiga ya fara. Jan gwada da matansa a kan katanga, kulɓa mai sheƙi a tsakanin duwatsu (ƙananan wani irinta wutsiyarsu shuɗiya ce shar), tsaka a bango da kogon bishiya, hawainiya, sai manya biyu, damo da guza. Damo gajere ne kakkaura, toka-toka, yana zaune a tudu, abincinsa ƙadandoniya da dodon koɗi da ƙwari. Guza ya fi tsawo, yana kusan mita biyu, baƙi-baƙi da ɗigon rawaya, ba ya nisa da ruwa. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke da dafin da zai kashe mutum. Zancen cewa kulɓa ko tsaka na da guba camfi ne da ya jawo musu kisan banza.

Lokaci ya fi wuri muhimmanci

Waɗannan dabbobi ba sa ɗumama jikinsu da kansu, zafin wuri ne ke tafiyar da su. In ka gane wannan, ka gane rabin aikin.

A shekara, babu kamar faɗuwar damina, daga Mayu zuwa Yuli gwargwadon yankinka. Ruwan farko na fito da shinge da kwaɗi, su kuma su fito da masu cin su. Daren da aka yi ruwa da la'asar, ƙasa ta jiƙe, iska ta kwanta, gari ya yi ɗumi, wannan shi ne daren fita. Kaka, wato Oktoba zuwa Nuwamba, ita ce ta biyu: ciyawa ta fara kwanciya, ɓeraye sun cika gonaki, macizai na biye da su. Tsakiyar damina akwai dabbobin amma ciyawa ta rufe su, ga haɗarin taka abin da ba ka gani ba. Da hunturu abin sai a hankali. Damo ya shige rami ba za ka sake ganinsa ba sai ruwa ya sauka, macizai kuma sun rage yawo. A bazara, Maris da Afrilu, zafi ya kore komai zuwa gindin ruwa da cikin rami, sai da asuba ko bayan magariba.

A yini kuma, zagaye biyu ne. Na safe daga ƙarfe 7 zuwa 10, lokacin shan hantsi, sa'ad da ƙadangaru da wasu macizai ke kwance a fili jikinsu bai gama saki ba, suna barin mutum ya matso. Da sanyi ka jinkirta zuwa 9 ko 10. Da zarar dutse ya yi zafin da ba ka iya ɗora tafin hannu a kai na daƙiƙa biyar, ka nemi inuwa, sun riga ka shigewa. Zagaye na biyu daga faɗuwar rana zuwa wajen ƙarfe 10 na dare. Masu fita da yawa sun lura daren duhu ya fi daren farin wata albarka. Iska mai ƙarfi kuwa tana kashe fita, rana ko dare.

Wuri, da iznin masu wuri

Ka nemi inda abu biyu suka haɗu: bakin fadama da tudu, gindin dutse da gona, gefen kurmi da fili. Nan ne abinci da maɓoya da rana suke kusa da juna. Tsaunuka masu manyan fale-falen dutse irin na Kufena a Zariya, na kewayen Jos, ko na Dutse a Jigawa, wurin ƙadangaru da kulɓa da tsaka ne. Tsohon shuri da gara ta bari, mai ramuka a jiki, gidan kumurci ne da damo da mesa. Kango, tsohuwar rijiya, tarin kara, gindin kuka mai kogo, bakin dam, duk wurare ne na dubawa.

Wanda ke son wuri mai tsari ya tafi Yankari a Jihar Bauchi. Guza na yawo a kewayen ruwan ɗumi na Wikki, akwai kada a kogin Gaji, amma dokar wurin ita ce ba ka shiga daji sai da ma'aikacin gandun, ba ka kuma ɗaukar komai. Ka gaya masa tun farko abin da ka zo nema, don yawancin baƙi giwa suke tambaya, motar ba za ta tsaya don ƙadangare ba sai ka roƙa.

A ƙauye kuwa, da ɗan gari akan ci gari. Ka fara zuwa wajen mai unguwa ko dagaci da rana, ka yi bayanin kanka, ka nuna hotunan da ke wayarka, ka roƙi a haɗa ka da maharbi ko wani manomi da ya san dajin, ka kuma biya shi ladansa. Wannan ba ladabi ba ne kawai. Baƙo da tocila a bayan gari ƙarfe tara na dare, a wannan zamani, ɓarawon shanu ko ɗan leƙen asirin 'yan bindiga za a ɗauke shi, kuma 'yan banga ba sa tsayawa dogon bincike. Dajin da ake fama da matsalar tsaro a bar shi gaba ɗaya, komai kyansa. Sannan ka yi yarjejeniya da ɗan rakiyarka tun kafin ku tashi cewa abin da aka gani ba za a kashe ba. In ba haka ba, kana nuna masa kasa zai sauke mata sanda, shi a ganinsa taimakonka ya yi.

Kada ka fita kai kaɗai. Mutum biyu ne mafi ƙaranci, uku ya fi, don in an sari ɗaya, ɗaya zai tuƙa babur ɗaya ya riƙe shi. Ka bar wa wani a gida sunan wurin da lokacin dawowa. Ka kuma san asibitin da ke da allurar kashe dafi mafi kusa, da awa nawa ne zuwa can, kafin ka fita, ba bayan abu ya faru ba.

Kayan fita

Takalmi ne kan gaba. Yawancin sara a ƙafa ne, daga idon sawu zuwa ƙwauri, saboda haka dogon takalmin roba irin na masu aikin fadama, mai kaiwa kusan gwiwa, ya fi duk wani abin da za ka saya amfani. Ka sa safa mai kauri, da wando mai kauri sakakke, ba matsattse ba, ka sako shi a kan takalmin. Silifa da sandal ba sa cikin lissafi ko da zafi zai kashe ka.

Tocila biyu: ta goshi don ganin inda kake takawa, da ta hannu mai ƙarfi don haska nesa, kowace da batirin canji ko cikakken caji. Tocilar waya ba ta isa ba. Tabarau mai farin gilashi da ke rufe gefen ido, irin na masu aikin injin niƙa ko kafintoci, saboda kumurci. Sanda mai tsawon mita ɗaya da kwata da ƙugiya a baki; maƙeri ko mai walda zai lanƙwasa maka rodi siriri ya sa masa mariƙi. Aikinta ɗaga kwano da buɗa ciyawa, ba taɓa maciji ba. Ruwan sha lita biyu zuwa uku ga kowane mutum, da wata gora mai lita ɗaya da rabi da ba a taɓa ta, ta wankin ido ce. Ƙaramin madubi irin na mata: in ka karkato hasken rana da shi cikin tsaguwar dutse ko rami, ya fi kowace tocila haske da rana. Sai tabaron hangen nesa in da hali, ɗan littafi da biro, bandeji, farasitamol, waya da caji da kati.

Tafiyar rana

Kuskuren farko na sabon shiga sauri ne. Kilomita ɗaya a awa ɗaya ya isa. Ka yi taku biyar zuwa goma, ka tsaya, ka fara duba gabanka mita biyu, sannan ka ɗaga ido zuwa mita goma, sannan saman duwatsu da rassan bishiya. Ka sa rana a bayanka don ka ga sheƙin fata, amma ka kula kada inuwarka ta faɗa kan dabbar, don ƙadangare na ɗaukar inuwa mai wucewa shaho ne. Taku ya zama mai laushi. Maciji ba shi da kunnen waje amma yana jin girgizar ƙasa, dirin takalmi na korar masu gudu tun ba ka iso ba, ya bar maka masu kwanciya, wato kasa da kububuwa.

Kada ka nemi maciji sukutum, ba haka ake ganinsa ba. Ka nemi abin da bai dace da wurin ba: lanƙwasa mai santsi a cikin karan da duk miƙaƙƙu ne, ɗan sheƙi a bakin rami, zane mai maimaita kansa a cikin ganye. Ido na ɗaukar makonni kafin ya saba.

Ƙasa ma tana ba da labari, musamman yashin rafi da turɓayar hanya da sassafe kafin shanu su bi. Yawancin macizai na barin sawu mai lanƙwasa. Kasa kuwa miƙe take tafiya kamar tsutsa, sawunta faffaɗa ne miƙaƙƙe kamar an ja buhu siriri, wani lokaci da ɗan layin wutsiya a tsakiya. Damo da guza na barin sawun farata hagu da dama da jan wutsiya a tsaka. Saɓar maciji da ta maƙale a ƙaya ko bakin rami, in tana da laushi ba ta kakkarye ba, mai ita bai yi nisa ba. Kashin maciji baƙi ne da farin abu kamar alli a gefe ɗaya. In ka ji ƙananan tsuntsaye sun taru a kan reshe ɗaya suna ta tsiwa suna kallon wuri guda, ka tsaya ka bi inda bakinsu ya nufa.

Doka biyu da ba a karyawa: hannu ba ya shiga inda ido bai gani ba, ƙafa ma haka. In ka zo gungume ko dutse, ka hau kansa ka leƙa bayansa, kada ka tsallake kai tsaye.

Ɗaga dutse da tsohon kwano

A ƙarƙashin abubuwa ake samun mafi yawan ƙananan macizai da tsaka da kulɓa, kuma nan ne aka fi yin ganganci. Tsohon kwanon rufi da aka yar, faffaɗan dutse, ɓawon itace, buhun siminti da ya daskare, duk suna riƙe laima da ɗumi.

Ka tsaya a gefe ɗaya, ka miƙa ƙugiyar ta kama bakin da ke nesa da kai, ka jawo shi ya tashi zuwa wajenka. Ta haka kwanon ya zama garkuwa tsakaninka da abin da ke ƙasa, hanyar gudunsa kuma ta buɗe ta can. In ka ɗaga bakin da ke kusa da kai, ka buɗe masa ƙofa ne a kan ƙafarka da fuskarka. Abokin tafiyarka ya tsaya gefe mita biyu ya leƙa, kada ya tsaya a hanyar gudun. Yatsu ba sa shiga ƙarƙashi ko dutsen ƙarami ne, don ko babu maciji akwai kunama, ƙaramar ja ɗin nan kuwa ta fi babban baƙin duwu mugun harbi.

In kun gama kallo, ku mayar da abin yadda yake, daidai gurbinsa. In aka bar dutsen a kife, rana ɗaya ta isa ta busar da laimar da ke ƙarƙashinsa. In dutsen mai nauyi ne kuma dabbar na kwance a gurbin, kada ka sake shi a kanta. Ka jira ta matsa, ka mayar, za ta koma da kanta. Dutsen da ya fi ƙarfin ƙugiya a bar shi. Kada a fasa shuri, kada a ɓare ɓawon bishiya mai rai, kada a zuba fetur ko hayaƙi a rami.

Wanda ke da gona ko fili nesa da gidaje yana iya shimfiɗa tsofaffin kwanuka biyar ko shida a gindin sabara ko kalgo, inda rana ke taɓa su da safe kawai, ya bar su wata biyu kafin ya fara dubawa, sannan ba fiye da sau ɗaya a mako ba. Sai dai ya gaya wa duk mai shiga gonar, kada yaro ya je ɗauka.

Fitar dare

Ka zaɓi wurin da ka riga ka taka da rana. Ku bi turba ko gefen gona, ba cikin doguwar ciyawa ba. Tocilar goshi na kan ƙasa gabanka koyaushe, ta hannu kuma ka riƙe ta kusa da ido kana sharar gefe da gefe a hankali. Ɗige-ɗigen haske kore da za ka gani a ƙasa idanun gizo-gizo ne. Ja guda biyu a kan hanya yautai ne. Ja a saman ruwa kada ne, ka ja da baya daga gaɓa. Idon maciji ba ya mayar da haske haka, jikinsa za ka nema.

Hawainiya da rana sai mai sa'a, amma da dare ita ce mafi sauƙin samu. Tana hawa can ƙarshen siririn reshe ta naɗe wutsiya ta yi barci, launinta ya koɗe, sai ka gan ta fari-fari a hasken tocila kamar ganyen da ya bambanta da 'yan'uwansa. Ka duba ƙananan bishiyoyi daga tsayin gwiwa zuwa mita uku. Ka ɗauki hoto biyu ko uku ka kawar da hasken, in ta farka ta sauko ƙasa abincin wani ta zama. Bakin kududdufin da kwaɗi ke kuka kuma wurin masu cin kwaɗi ne, kumurci na cikinsu, saboda haka tabarau na fuska.

Akwai masu bin kwalta da mota a hankali, kilomita 20 a awa, don kwalta na riƙe zafin rana macizai su hau su kwanta. Dabarar na aiki, amma sai a ƙaramar hanya marar motoci a yankin da ke lafiya, da sanin jami'an tsaron wurin. Macijin da mota ta taka ma abin rubutawa ne, sai dai a juya shi da sanda: kan maciji na iya sara ko bayan ya mutu.

In kun yi ido biyu

Ka tsaya cak, ka faɗa wa abokan tafiya da murya, ka nuna da haske ba da yatsa kusa ba. Sannan ka ja baya a hankali, bayan ka duba inda za ka taka. Mita biyu tsakaninka da kasa ko kububuwa, mita huɗu in mai fasa kai ne. Kada ku kewaye shi, ku taru a gefe ɗaya ku bar masa hanya. Macijin da ake cewa ya biyo mutum, galibi raminsa ne ke bayan mutumin.

Hoto da zuƙowar kyamara ake yi, ba da matsawa ba. Haɗarin waya shi ne mai kallon allo ba ya sanin hannunsa ya kai ina. Ka samu hoton kai daga gefe, na baya daga sama, da na jiki duka. Minti biyar ya isa. Damo sarkin haƙuri ne a karin magana, amma in aka matsa masa yana huci ya yi bulala da wutsiya, guza kuma ga cizo ga farata. Tsaka da kulɓa in aka kama su suna yar da wutsiya, wadda kitsen da suka tara ke ciki. Wanda ya taɓa ɗayansu bisa larura ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, don suna ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa.

A littafinka ka rubuta kwanan wata, ƙarfe nawa, wuri, yanayin gari, yaushe aka yi ruwa na ƙarshe, a kan me ka same shi, me yake yi. Manhajar iNaturalist na karɓar hoto, masana daga ƙasashe daban-daban su taimaka da suna. Amma ga mesa, damo da hawainiya, ka zaɓi ɓoye ainihin wurin, kada kuma ka faɗi sunan ƙauyen a Facebook. Masu fata da masu kai su kasuwar 'yan magani suna karanta abin da ka rubuta.

In tsautsayi ya faɗa

Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi sakaci da su, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da abin ya fi shafa. Asibitin saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe da cibiyar lafiya ta Zamko a Langtang sun shahara a wannan aiki, kuma alluran kashe dafi masu suna EchiTAb an yi su ne musamman don macizan wannan yanki. Maganin dafi allurar kashe dafi ce, babu wani.

A matsar da wanda aka sara daga wurin, a zaunar da shi, a duba agogo. A cire zobe, agogo, takalmi da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura. A ɗaura wa ƙafar ko hannun sanda kamar yadda ake wa karaya, sakwa-sakwa, don kada gaɓar ta motsa. Kada ya yi tafiya da ƙafarsa in akwai yadda za a ɗauke shi. A babur a sa shi a tsakiya. In yana amai a kwantar da shi ta gefen hagu. In akwai hoton macijin ya wadatar, kada a tsaya farautarsa.

Ba a ɗaure sama da wurin da igiya ko roba: yana kashe naman, kuma ga dafin kasa da kumurci mai ruɓar da nama, hanyar yanke ƙafa ce. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ƙonawa, baƙin dutsen nan da ake mannawa ba ya jan komai. Tsagawa ta fi muni a saran kububuwa, don dafinta na hana jini daskarewa, ƙaramin yanka sai ya yi ta zuba. Saboda wannan dalili ba a ba shi asfirin, ibuprofen ko diclofenac, farasitamol kaɗai. Tsayawa wajen mai magani na cinye awannin da ake buƙata.

Saran kububuwa na da yaudara. Mutum na iya jin sauƙi, ya ce ai ba komai, alhali jininsa ya daina daskarewa. Sai daga baya dasashi ya fara jini, ko a ga jini a fitsari, ko ya zuba a cikin kai. Shi ya sa ko babu ciwo sai an je. A asibiti za su ɗebi jini kaɗan su zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, su ajiye minti 20, su karkata ta. In bai daskare ba, dafin ya shiga, sai allura. Faɗuwar fatar ido, ganin abu biyu-biyu, kasa haɗiye yawu, alamun dafi mai kama numfashi ne, wannan minti ma tsada gare shi.

In kuma tofi ne ya shiga ido, nan gorar nan ta lita ɗaya da rabi za ta yi aikinta. A kwantar da shi, a buɗe fatar idon da yatsu ko yana ƙi, a riƙa tsiyaya ruwa daga gefen hanci zuwa waje don kada ya gangara ɗaya idon, yana jujjuya ƙwayar idon, minti 15 zuwa 20 ba tsayawa. In ruwan ya ƙare a ci gaba da na sha, ko madara in ita ke kusa. Kada ya murza, kada a ɗiga ruwan ganye ko wani abu. Dafin da ya sauka a lafiyayyar fata wankewa kawai yake so. Bayan wankin a rufe idon da tsabtataccen ƙyalle a kai shi a duba, don dafin na iya ƙuje baƙin idon ta yadda sai da ɗigon gwaji likita zai gani, kuma wannan ƙujewar ce in ta ɗauki ƙwayar cuta take makantarwa.